Ja ko Ruwan Zuma

A Nebraska, inda masara ke sahu har ƙarshen gani,
akwai ɗan titi miƙaƙƙe, rubu'in mil,
baƙi ƙirin da ƙonanniyar taya.
Nan nake kwanciya ƙarƙashin motoci tun kaina ba furfura.
Orval Hruska sunana. Tambayi kowa.

Shekara talatin da ɗaya jan mai nake ɗura wa akwatin giya,
ja wur, mai santsi, mai ladabi,
wanda ke miƙa giya ga giya
kamar mai miƙa jariri yana barci.

Sai ga Darlene, 'yar Tiedemann manomi,
da bokitin galan biyar a bayan a-kori-kura,
an zana tarakta a jikinsa.
Man haidirolik, launin ruwan zuma,
wanda ubanta ke ɗaga garma da shi.

Na ce, "Yarinya, mota ba tarakta ba ce.
Hanyar lafiya, a bi ta da shekara."

Ta ce, "Shekarar ce ba ni da ita, daƙiƙa goma gare ni.
Sau uku bana ka kwance min kasko,
sau uku janka ya fito baƙi yana ƙauri.
Ladabinsa ke cinye farantan kulocina.
Kafin ya gama sallama sun zame, sun yi zafi.
Ni ba gaisuwa na zo yi ba.
Damƙa nake so."

Na zuba. Ina ƙunƙuni, amma na zuba.
Ya sauka mazurari a hankali, da kauri,
kamar baƙon da ya san ba a so zuwansa ba.

Asabar da sanyin safiya sai da muka jira shi ya ɗumama.
Na nuna agogo, ban ce komai ba.

A tserenmu kowa kan rubuta lokacinsa a gilashi da farin alli,
wanda ya riga abin da ya rubuta, ya faɗi,
ko da shi ya fara isa.
Ta rubuta goma da ɗigo tamanin da huɗu,
alƙawarin da ta saba cikawa da jan mai.

Fitilu suka gangaro, rawaya, rawaya, rawaya,
kore.
Gaban motar ya ɗaga sama.
Can tsakiyar titi giya ta shiga, ƙas!
ba zamiya, ba neman izini,
har a haƙorana na ji ta.

Ita ta fara isa.
Takarda ta fito: tamanin da ɗaya.
Ƙiris uku ta riga bakinta.
Wani yaro, Lonnie Vavra, mai lotsattsiyar ƙofa,
ya tafi gida da kofin.

Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta yi murmushi.

Da yamma na kwanta na kwance kasko,
na shirya maganar da zan yaɓa mata.
Mai ya zubo yadda ya shiga, garau.
Maganaɗisun ƙasa, da kullum ke fitowa da gemun baƙin ƙarfe,
yau an yi masa aski.
Na tsoma yatsa, na kai hanci.
Na sake tsomawa.

Tana tsugune, hular kwano a gwiwa.
"Me ka gani?"
Na ce, "Robobin toshiya ba su yi magana ba tukuna.
Mu ga kaka."
Ta yi dariya, ta goge gilashi da hannun riga,
ta rubuta sabon alƙawari.

Motar matata har gobe ja take sha,
mai zuwa coci ba ya bukatar mari a kowace giya.
Bokitin kuwa yana ƙarƙashin bencina,
saura galan biyu.
Na juya hoton taraktar ya kalli bango.